Numfashina yana ɗaukewa da zarar na diro daga jirgi, ko akwai wanda ya san maganin abin?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya taɓa dirowa daga jirgin sama da lema, ko likita, ko duk mai masaniya a kan numfashi, don abin nan ya fara ci mini tuwo a ƙwarya. Tambayata ita ce, me ke sa numfashina ya tsaya cak da zarar na bar ƙofar jirgi, kuma yaya ake yi ya daina?

Ga yadda abin yake. A Ingila nake zaune, aiki ne ya kawo ni. Bara abokan aikina suka shirya tsallen tara wa wani asibitin yara kuɗi, abin da Turawan nan suka saba yi, suka cusa sunana a ciki. Tsallen goyo ne, wanda ake ɗaure ka a ƙirjin malami, lema tana bayansa, kai naka ido. Tun a ranar na ji ƙirjina ya cushe, amma na ɗauka ruɗewar farko ce. Da lemar ta buɗe, komai ya yi tsit, na hango gonaki da tituna a ƙasa, sai abin ya shiga raina. Bana na tattara kuɗi na shiga kwas ɗin koyon dirowa ni kaɗai, wanda suke kira AFF. Matakai 8 ne a nan ƙasar. A ukun farko malamai biyu ne suke fita da kai, ɗaya a dama ɗaya a hagu suna riƙe da kai, lemar kuma tana bayanka, kai za ka buɗe abarka.

Muna fita ne daga nisan ƙafa 13,000, a ƙaramin jirgin nan Cessna Caravan. A cikin jirgi lafiyata ƙalau, sai dai bugun zuciya. Da an zuge ƙofa sanyi ya shigo, sai in ji maƙogwarona ya bushe. Ina fita iska ta doke ni a fuska, shi ke nan. Baki a buɗe, iska cike da shi, amma ba ta wucewa ciki. Ina ƙoƙarin ja, ba abin da ke shiga. Haka zan yi ta kokawa, hankalina gaba ɗaya ya koma kan ƙirjina, har lokacin buɗe lema ya yi. Da ta buɗe sai in ja wani dogon numfashi mai ƙara, in yi ta haki, yatsuna suna yarr.

A mataki na uku ne malamai suke sakinka ka tsaya da kanka a iska, kuma nan na maƙale. Da muka kalli bidiyon a ƙasa ni kaina sai da na yi dariya: kumatu na kaɗawa, ido a zare, hannuwa a sandare, ƙafafu a naɗe. Malamin dama yana ta girgiza mini hannu a gaban fuska, alamar in saki jiki, ni ko ganinsa ban yi ba. Aka ce in maimaita. Duk matakin da ka maimaita kuma sabon biya ne, kuma kuɗin ba na wasa ba ne.

Malaman sun ce in riƙa numfashi kawai. To ai da zan iya da ban tambaya ba. Wani da muke kwas tare ya ce a can sama iskar ce ta yi ƙaranci. Wani tsohon hannu a wurin shan shayi ya ce mini wai masu dirowa ba sa buƙatar numfashi, fatar jiki ce ke tsotsar iska saboda gudu, ya faɗa fuskarsa a murtuke har na rasa ko wasa yake. Don Allah wanne ne gaskiya? Akwai haɗarin in suma a sama? Kuma abin yana wucewa, ko akwai waɗanda jikinsu bai dace da harkar ba, in haƙura tun kuɗina bai ƙare ba?

Na Gidan Iya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ni tambaya ɗaya gare ni: Hajiya ta san kana wannan abin? Jirgi lafiyarsa ƙalau, bai kama da wuta ba, ka biya kuɗi ka buɗe ƙofa ka faɗo, sannan ka zo kana mamakin numfashi ya ɗauke. Ai jikinka ne ya fi ka hankali. Allah ya tsare, amma ina nan ina jiran amsar masana, don ni ma yanzu ina son in ji.

Mai Lema ya rubuta:

Malam Ɗan Fagge, barka da shigowa sahu. Ni a Dubai nake, na daɗe a harkar nan, kuma abin da ka bayyana na ji shi daga bakin sababbi ba adadi. Kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ba ne.

Mu fara kawar da zancen fata. Tsokana ce da tsofaffin hannu suke yi wa ɗalibai a kusan kowane fili. Ba wani ɗan Adam da ke numfashi ta fata, komai gudunsa. Mutumin nan shayinsa yake sha da kai.

Zancen ƙarancin iska kuma rabinsa gaskiya ne, amma ba shi ne matsalarka ba. Ƙafa 13,000 kusan mita 4,000 ke nan. A wannan nisan oksijin yana nan kashi 21 cikin 100 na iska kamar a ƙasa, matsin iskar ne ya ragu zuwa wajen kashi 60 cikin 100 na wanda ake samu a bakin teku. Garin El Alto na ƙasar Bolibiya yana sama da mita 4,000, kuma dubban ɗaruruwan mutane suna zaune a can suna cin kasuwa. Dokar jiragen Amurka ba ta wajabta a tanadar wa fasinja oksijin ba sai jirgi ya haura ƙafa 15,000. Sannan ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: a cikin jirgi, a daidai wannan nisan, kana numfashi lafiya. Da ƙarancin iska ne, a zaune za ka fara jin sa. Kuma duk daƙiƙa biyar da 'yan kai da ka yi kana faɗowa, ka sauko ƙafa 1,000 zuwa inda iska ta fi kauri.

Abin da ke faruwa shi ne, kana ja, ba ka fitarwa. A bakin ƙofa tsoro yana sa mutum ya zuƙi iska ya cika ƙirji, ya riƙe. Ka fita da huhu a cike, kana ƙoƙarin ƙara wata a kai. Ina za ta shiga? Shi ya sa kake jin baki cike da iska amma ba ta wucewa. Ga iska kuma tana dukanka da gudun kusan kilomita 190 zuwa 200 a sa'a, wanda kake kaiwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 12 da fita. Idan ka hangame baki kana kallon ƙasa, ita ma tura ta take ciki, sai fitarwar ta ƙara nauyi.

Don haka duk wanda ya ce maka ka ja numfashi bai ba ka rabin da kake buƙata ba. Ka fitar. Da ka huro ta waje da ƙarfi, jiki da kansa zai jawo sabuwa, ba sai ka roƙe shi ba. Wannan ne dalilin da malaman goyo suke ce wa fasinja ya kurma ihu yana fita. Ba don bidiyo ya yi kyau ba ne kawai. Ba a ihu da numfashi a riƙe.

Abin da nake gaya wa ɗalibai ga shi. Ka saka fitar da numfashi cikin ƙirgen fitarka, ya zama ɓangare na darasin kamar yadda taɓa mariƙin lema yake. Idan ka tsaya a ƙofa ka dubi malamin da ke cikin jirgi ka dubi wanda ke wajen ƙofa, kafin ka yi ƙirgen fitar, wato sama, ƙasa, banƙare, ka huro iska waje tukuna. Malamai za su jira ka wannan daƙiƙa ɗayar, ba wanda zai ture ka. Ita kalmar banƙarewar kuma ka faɗe ta da ƙarfi, kada ka faɗe ta a zuci. Daga nan duk sanda ka duba agogon nisa, mai nuna tazarar da ke tsakaninka da ƙasa, ka karanta lambar da murya. Ba wanda zai ji ka a cikin wannan rugugin, kai ma da ƙyar za ka ji kanka, amma ka fitar da iska, ka kuma tabbatar ka karanta agogon da gaske ba kallonsa kawai ka yi ba.

Sai haɓa. A bidiyonka na tabbata ƙasa kake kallo, don kusan duk ɗalibi haka yake yi. Ɗaga haɓa ka dubi inda sama ta haɗu da ƙasa. Iska za ta koma dukan ƙarƙashin haɓa da wuya maimakon ta shiga baki kai tsaye, kuma ɗaga kan yana gyara maka banƙarewa, wato ka sami riba biyu. Baki kuma kada ka hangame shi. Ka haɗa haƙora ka yi murmushi, ka shaƙa ta hanci ko ta tsakanin haƙora.

Ka sa malami ya duba maka maɗaurin ƙirji tun a ƙasa. Ɗalibai saboda tsoro sukan ja shi har ya hana haƙarƙari buɗewa. Ana so ya kama, ba a so ya shaƙe. Amma kada ka kuskura ka sassauta wani maɗauri da kanka bayan an gama duba ka, balle a cikin jirgi. Za ka kuma ga masu lasisi da hular kwano mai gilashi da ta rufe fuska duka, ka ce ai ga magani. Tana taimakawa ƙwarai, sai dai yawancin filaye ba sa barin ɗalibi ya sa ta, don malami yana son ganin fuskarka, gilashin yakan yi hazo, kuma tana iya rage maka ganin mariƙan da ke ƙirjinka. Ka bari sai lokacinta.

Batun suma. Daga ƙafa 13,000 zuwa wajen 6,000 inda ɗalibi yake shirin buɗewa, daƙiƙa 40 ne zuwa 45. Lafiyayyen mutum yana iya riƙe numfashi tsawon haka a kan kujera. Abin da ya fi damuna da riƙe numfashi shi ne yana sandarar da jiki, yana kuma cinye hankali. Jikin da ya sandare ba ya zama daidai a iska, zai yi ta lilo ko juyawa, kuma wanda hankalinsa ke kan ƙirjinsa ba ya ganin agogo, ba ya ganin hannun malami. Abin da ya kayar da kai a mataki na uku ke nan. A bayanka akwai na'urar da ke buɗe lemar ko-ta-kwana da kanta idan mutum ya matso ƙasa yana gudu bai buɗe ba, irin su Cypres da aka fara sayarwa a 1991, kuma malamanka an horar da su su buɗe maka. Amma ba a dogara da su, aikinka ne ka buɗe.

Shawarar da ta fi duka: kafin ka sake biyan kuɗin jirgi, ka je rijiyar iska, ɗakin gilashin nan da manyan fankoki ke huro iska daga ƙasa mutum ya yi shawagi. Mu nan muna da su a Dubai, akwai kuma CLYMB a Abu Dabi da aka buɗe a 2019. Ku ma a Ingila iFLY na da su a Milton Keynes da Manchesta. Irin iskar ce, irin gudun ne, ba ƙofar jirgi ba agogo. A nan za ka gano da jikinka cewa ana numfashi a cikinta sarai.

Tsohon Soja Kaduna ya rubuta:

Ɗana, na karanta bayaninka. Mu a zamaninmu a Jaji muka yi kwas ɗin lema, amma namu daban ne da naku. Igiya ce a maƙale da jirgi, kana fita ita ke fizgo lemar, kuma daga ƙafa 1,000 da 'yan kai ake zubo mu, ba wannan nisan da kuke zuwa ba. Daƙiƙa kaɗan ne tsakanin ƙofa da buɗewa. Saboda haka ba zan ce na san faɗowar daƙiƙa 40 ba. Amma ƙofa ɗaya ce, kuma tsoron ƙofa na san shi.

Abin da Mai Lema ya faɗa na ihu, mu ba ihun banza muke yi ba, ƙirge ne. Kana fita za ka ɗaga murya: dubu ɗaya, dubu biyu, dubu uku, har ka kai inda aka ce, sannan ka ɗaga kai ka duba lema. Da Turanci muke yi, kuma tun a ƙasa ake fara shi. Ka diro daga dakali ka ƙirga, ka diro daga hasumiya ka ƙirga, idan saje bai ji muryarka daga inda yake tsaye ba ka koma ka sake. A lokacin mun ɗauka mugunta ce. An yi ƙirgen ne don ka san lokacin da ya kamata lema ta buɗe, in ba ta buɗe ba ka ja ta gaba. Amma wanda ke ƙirge da ƙarfi ba ya riƙe numfashi, kuma ƙwaƙwalwarsa tana da aikin yi, ba ta da sararin firgita. Ni na fi son wannan a kan ihu, don ihu ba ya gaya maka komai.

Abin da zan ƙara maka, kada ka bari sai a sama za ka gwada. Abin da ba ka maimaita a ƙasa ba har ya gundure ka, ba zai zo maka a ƙofa ba. Ka kwanta rub da ciki a ɗakinka, ka banƙare, ka yi duk darasin daga fita har buɗewa da murya, kana huro iska a wuraren da aka ce. Maƙwabta su ɗauka ka zare, ba komai.

A cikin jirgi kuma ni hasbunallahu wa ni'imal wakil nake ja a hankali har a ce mu miƙe. Allah ya kiyaye, ya sauke ka lafiya.

Likita Zazzau ta rubuta:

Salamu alaikum. Ban taɓa dirowa daga jirgi ba, kuma ina tare da Na Gidan Iya a kan ba ni da niyya, amma numfashi fagena ne.

Bayanin Mai Lema daidai ne, zan ƙara dalili ɗaya da bai ambata ba, wato sanyi. Zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. A mita 4,000 an rage digiri 26 ke nan. Idan a ƙasa ana digiri 15, wanda a Ingila rana ce mai kyau, a bakin ƙofa kuna ƙasa da sifiri da digiri 11. A fuskar mutum akwai jijiyar da idan sanyi ya buge ta ba zato, musamman goshi da kewayen hanci, take aika saƙo a tsayar da numfashi a kuma rage bugun zuciya. Tsari ne da Allah ya yi wa jiki don kada mutum ya shaƙi ruwa idan ya nutse. Duk uwar da ta taɓa hura wa jariri iska a fuska ta ga yadda yake ɗauke numfashi na ɗan lokaci yana zare ido. To abin da ya same ka ke nan, Malam, ka haɗa da firgici. Ba da gangan kake yi ba, shi ya sa cewa ka yi numfashi kawai ba ta yi maka aiki ba. Abin daɗin shi ne na 'yan daƙiƙu ne, ana iya karya shi da fitar da iska da gangan, kuma jiki yana sabawa idan an maimaita.

Ƙarfin iskar kanta bai kai ya hana ka fitarwa ba. Idan aka yi lissafi na kusa-kusa, matsin da take yi a buɗaɗɗen baki a wannan gudun bai wuce na santimita 15 na ruwa ba. Na'urar da muke ba masu ɗaukewar numfashi a barci tana hura musu matsin santimita 4 zuwa 20, kuma da ita suke kwana. Tsokar numfashin lafiyayyen namiji tana iya tura sama da 100.

Yatsun da ka ce suna yarr sun ja hankalina. Wannan yawanci alamar numfashi ya yi yawa ne, ba kaɗan ba. Mai fargaba yakan yi ta numfashi sama-sama da sauri bai sani ba, wataƙila tun a cikin jirgi, sai iskar kabon da ke jini ta ragu fiye da kima. Daga nan sai jiri, leɓe da yatsu su yi yarr, wani har yatsunsa su ƙage, kuma abin mamaki mutum ya riƙa jin kamar iska ba ta ishe shi ba. Maganinsa a jirgi shi ne ka ja ta hanci kana ƙirga 4, cikinka ya taso ba kafaɗa ba, ka fitar a hankali kana ƙirga 6 ko 8. Fitarwa ta fi ja tsawo. Zikirin da Baba Soja yake ja a hankali, ban da ladansa, wannan aikin yake yi.

Inda zan ɗan ja wa Mai Lema birki shi ne cewar iskar can sama ta isa. Ta isa ga mai lafiya. Mutanen El Alto a can suke rayuwa, jininsu ya saba, kai kuwa cikin minti 15 ko 20 aka ɗauke ka daga ƙasa aka kai ka. Jiragen fasinja ana matse iskar cikinsu ta zama kamar ta ƙafa 6,000 zuwa 8,000, naku kuwa ba a matse ta. Saboda haka ina da tambayoyi, kuma ka amsa wa kanka tsakani da Allah.

Kana da asma, ko ka taɓa yi kana yaro? Busasshiyar iska mai sanyi tana tayar da ita. Bambancin shi ne, na tsoro yana sakinka da lema ta buɗe, na asma kuwa yana biyo ka har ƙasa da tari da shaƙewa da ƙarar fito a ƙirji. Huhunka ya taɓa sacewa? Iskar da ta maƙale a jiki tana kumbura fiye da ninki ɗaya da rabi a wannan nisan, mai irin wannan tarihin ba ya hawa sai likitan huhu ya gan shi. Kana hawa da mura? Hanci a toshe dole ka buɗe baki, ga shi saukowar tana da sauri, kunne ba ya samun daidaita matsi, har dodon kunne yana iya fashewa.

Sai babbar tambayar da malamanka Turawa ba lalle ta zo musu a rai ba: mene ne rukunin jininka na sikila? A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da AS. Mai SS ko SC, ƙarancin oksijin da sanyi da ƙishirwa su ne ainihin abubuwan da ke tayar masa da ciwo, kuma ukun duka suna cikin jirgin nan. Ba zan ba shi shawarar hawa ba. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, amma an san cewa a wurare masu nisa sosai jini yakan toshe a saifar wasu, ko da yake ba kasafai ba. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagun ciki ta sama, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu. Wanda ya ji haka bayan hawa asibiti zai nufa, ya kuma gaya musu inda ya je.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Kai, Allah ya saka da alheri, na sami fiye da abin da na zo nema. Na Gidan Iya, Hajiya ta san na goyon, ta ga bidiyo ta yi salati ta kashe waya. Na yanzu kuwa muna nan muna duba lokacin da ya dace.

Mai Lema, na koma na kalli bidiyon, wallahi ƙasa nake kallo tun daga ƙofa har buɗewa, kuma ana ganin kafaɗuna sun ɗago daidai lokacin da zan fita. Baba Soja, ranka ya daɗe, na fara darasin a kan kafet, matata tana tsaye a bakin ƙofa tana yi mini saje.

Likita, ba ni da asma, huhuna bai taɓa samun matsala ba, kuma da na sauka komai yake wucewa, ba tari ba ciwon ciki. Amma AS ne ni, an gwada mu kafin aure. Zan nemi ganin likitana kafin in koma. Wani abu kuma, ba na karyawa ranar da zan hau don tsoron amai, ko wannan yana da nasa hannun? Sannan Mai Lema, na duba rijiyar iska ta Milton Keynes, ba ta da nisa da ni. Minti nawa ya kamata in saya, kuma me zan ce musu?

Likita Zazzau ta rubuta:

Yana da hannu. Yunwa da ƙishirwa suna ƙara jiri da rawar jiki, kuma ga mai AS ƙishirwa ce abin da ba a so. Ka ci abu mara nauyi, ka sha ruwa sosai, ka rage kofi. Ranar da kake azumi kuma ka bar hawa. Idan ka je wurin likitan ka gaya masa nisan da lamba, ƙafa 13,000 a jirgin da ba a matse iskarsa ba, don ya san abin da yake aunawa, ka kuma rubuta AS ɗin a takardar lafiyar da kuke cikewa.

Mai Lema ya rubuta:

Minti 10 zuwa 15 sun isa a karon farko. Kada ka raina su, minti 10 a rijiya ya fi faɗowar tsalle 10 irin naka tsawo, kuma za ka fito kafaɗu na ciwo. Ba a jere ake yi ba, ana shiga minti ɗaya ko biyu a fito a huta. Kada ka sayi tikitin 'yan yawon buɗe ido. Ka ce kai ɗalibin AFF ne da ya tsaya a mataki na uku, kana son koci, in ma da hali ka tambayi malamanka ko ɗayansu yana koyarwa a can.

Za su iya miƙo maka hula mai rufe fuska. Ka ce a'a, a ba ka buɗaɗɗiya da tabarau irin wadda kake sawa a sama, in ba haka ba ka biya kuɗi ba ka gwada abin da ya kai ka ba. Shigar farko kada ka damu da juyi ko wani salo, ka kwanta a iskar kawai, haɓa sama, ka ƙirga da murya daga 1 zuwa 10 ka sake. A shiga ta biyu ka sunkuyar da kai da gangan ka buɗe baki ka ji yadda take cika shi, sannan ka ɗaga ka huro, don jikinka ya san hanyar fita idan abin ya zo a sama. Sauran mintunan ka yi darasin mataki na uku yadda yake, da duba agogo da taɓa mariƙi.

Rijiya ba za ta ba ka sanyi ba, ba za ta ba ka ƙofa ba. Saboda haka kada ka bar tazara mai tsawo, ka sa ranar komawa fili cikin mako ɗaya ko biyu da zuwanka, bayan likita ya sallame ka. Ranar kuma ka gaya wa malaman tun a ƙasa cewa za ka tsaya ka huro iska a ƙofa kafin ƙirge, don kada su ɗauka tirjewa ka yi.